Yadda Ake Haɗa Dabino Mai Rigar Cakulan Domin Kyautar Sallah Tsakanin Ma'aurata

Na daɗe ina haɗa dabino mai rigar cakulan a gidana da ke Birnin Kebbi, da farko domin maigidana kaɗai, daga baya kuma domin amare da matan aure masu son ajiye wa mazajensu wani abu na daban ranar Sallah, har da samarin da aka sa wa rana waɗanda ke neman abin da za su haɗa a cikin toshi. Aikin ba ya buƙatar ƙarfi ko kayan aiki masu tsada, amma yana buƙatar kiyaye abu biyu, wato zafi da ruwa, domin duk wadda na ga aikinta ya lalace, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya lalata shi. Da yake mu a Kebbi zafin watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40 da rana, kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a watan Maris ko Afrilu take faɗowa, na tsara wannan bayani ne bisa yanayin garinmu.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki fara

Icen koko, wanda da ƙwayarsa ake yin cakulan, kuma ba abin da ya haɗa shi da kokon gero da muke sha da ƙosai sai dacewar suna, asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, kuma masu binciken kayan tarihi sun sami alamun amfani da shi a ƙasar Ikwado tun fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko shan sa suke yi: su niƙa ƙwayar, su dama da ruwa, su zuba barkono, su sha da ɗacinsa. Darajarsa a wurin Aztek ta kai har suna ciniki da ƙwayar kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da kuɗin wuri. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, inda aka sa masa sukari ya zama abin shan sarakuna da attajirai. A 1828 wani mutumin Holan mai suna Van Houten ya yi rajistar dabarar matse man da ke cikin ƙwayar, a 1847 kamfanin Fry na birnin Bristol a Ingila ya fitar da cakulan mai ƙarfi wanda ake ɓantara a ci, sannan a 1875 Daniel Peter na ƙasar Suwizalan ya haɗa shi da madara. Kamfanin Cadbury kuwa shi ya shahara tun shekarun 1860 da jera shi a akwatuna masu ado, har da masu siffar zuciya, kuma da irin wannan ne ya zama kyautar masoya a Turai da Amurka ranar 14 ga Fabrairu. A yau Kwaddibuwa da Gana ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, mu ma a Najeriya ana nomansa sosai a jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba.

Ni ban ɗaura wannan kyauta a kan ranar Turawa ba, domin malamanmu da yawa sun yi hani da bikinta, kuma muna da namu lokutan da suka ishe mu: Sallah ƙarama da babba, makon farko na amarci, dawowar maigida daga doguwar tafiya ko daga aikin Hajji. Hadisin da ya ce mu yi wa juna kyauta za mu so juna bai ware wata rana ba.

Dalilin da ya sa cakulan ke da farin jini yana cikin man koko. Wannan mai yana da ƙarfi a wuri mai sanyi, amma yana narkewa a wajen digiri 34, wato ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum wanda yake digiri 37, shi ya sa da an sa shi a baki sai ya narke ya bar ƙamshi da santsi. Wannan ɗabi'ar tasa ce kuma ke ba mu wahala, tunda ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu yakan wuce digiri 34 da rana a lokacin bazara. Na zaɓi dabino ya zama cikin alewar ne saboda dalili uku: yana rage yawan cakulan da za ki saya, wanda ya yi tsada ƙwarai a 2024 lokacin da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, yana riƙe siffarsa ko da rigar ta ɗan yi laushi, kuma abu ne da bakin kowane Bahaushe ya saba da shi.

Kayan haɗi

Wannan awo zai ba ki dabino 40 zuwa 50.

- Cakulan rabin kilo
- Dabino mai taushi guda 50
- Soyayyar gyaɗa gwangwanin madara ɗaya, ko kashu idan hali ya yi
- Riɗi ko gogaggiyar busasshiyar kwakwa kaɗan, domin ado
- Garin citta ko kirfa rabin ƙaramin cokali, da ɗan gishiri

Cakulan da ake narkarwa iri biyu ne a kasuwa, kuma wajibi ne ki san wanda ke hannunki domin aikinsu ya bambanta. Na farko shi ne na ainihi, wanda idan kika duba jerin abubuwan da ke cikinsa za ki ga an rubuta cocoa butter, wato man koko. Ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma sai an daidaita zafinsa da ma'auni, kuma ba ya jure rana. Na biyu shi ne wanda masu shagon kayan kek ke kira kamfawun, wanda aka cire man koko aka maye gurbinsa da man alayyadi da aka sarrafa. Bai kai na farko daɗi ba, yakan bar ɗan maiƙo a dasashi, amma narkar da shi kawai ake yi a tsoma, kuma ya fi jure ɗumi. Shawarata ga mai farawa ita ce ta fara da kamfawun, musamman idan Sallar ta faɗo a bazara, ta bar na ainihi sai lokacin hunturu ko sai hannunta ya faɗa.

Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Mata da yawa sukan tsorata idan suka ga kalmar cocoa liquor a jikin leda, suna zaton giya ce, alhali sunan niƙaƙƙiyar ƙwayar koko ne kawai, babu barasa a cikinta. Inda ake samun giya shi ne wasu cakulan na ƙasashen waje masu ruwa a tsakiya, waɗanda ba su ne za mu narkar ba. Idan babu a shagunan garinku kuma sai an aiko miki daga Sakkwato ko Kano, ki roƙi a ba motar farko ta asuba, a kuma ajiye shi a cikin mota kusa da fasinja maimakon but.

Kayan aiki

- Tukunya ƙarama, da kwanon silba ko na gilashi wanda zai zauna a bakinta ba tare da gindinsa ya taɓa ruwa ba
- Cokalin roba na juya kwaɓin kek, ko cokalin ƙarfe busasshe
- Cokali mai yatsu, da tsinken sakace
- Wuƙa mai kaifi da katakon yanka wanda ba a yanka albasa ko nama a kai
- Tire biyu da takardar gashin kek
- Tawul ɗin kicin mai tsabta guda biyu
- Robar ajiya mai murfi mai kamawa sosai
- Ma'aunin zafi na girki, idan da cakulan na ainihi za ki yi aiki

Kada ki yi amfani da muciya ko ludayin katako da ake miya da shi, domin katako yana riƙe danshi da warin daddawa ko bayan an wanke. Idan babu takardar gashin kek, farar leda mai kauri da aka goge ta bushe za ta yi, amma kada ki jera a kan tire kai tsaye, don zai manne ya ƙi fita sai ya karye.

1. Zaɓar lokaci da wuri

Ki tsara aikin ya zama kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da za ki ba da kyautar, kuma ki fara tsomawa bayan sallar asuba, lokacin da gari ya fi sanyi. A watan azumi ni nakan fara da zarar an gama sahur an yi sallah, in gama kafin hantsi. Ki zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda ba a dafa abinci a ciki a lokacin, ki kuma rufe taga idan ana ƙura. Fanka tana taimakawa, amma kada ta fuskanci kwanon kai tsaye.

2. Gyaran dabino

Wannan mataki ki yi shi tun jajibirin ranar tsomawa. Ki tsaga kowane dabino ta gefe ɗaya a tsaye, ki cire ƙwallon, ki buɗe cikinsa ki duba da kyau a wurin haske, domin dabinon da ya daɗe a ajiye yakan yi tsutsa ko baƙin gari a ciki alhali bayansa lafiya lau. Duk wanda kika ga alama a cikinsa ki jefar. Idan dabinon mai taushi ne irin wanda alhazai ke zuwa da shi, goge shi da tawul mai ɗan danshi ya isa, sai ki shanya a tire ya kwana.

Idan busasshen dabino ne kawai kika samu, irin wanda ake turawa a baro, shi ma yana yi, kuma wasu ma sun fi son sa don zaƙinsa bai kai na mai taushi ba. Ki wanke shi, ki zuba a madambaci ki turara na minti 5 zuwa 10 har ya yi laushin da wuƙa za ta shige shi, sannan ki tsaga ki cire ƙwallon, ki baza a tire ki rufe da ƙyalle mai shara-shara ya kwana yana shan iska. Da safe ki taɓa shi da bayan hannu. Idan kika ji sanyin danshi ko ya manne miki, bai shirya ba. Dabinon da aka tsoma da danshi a jikinsa rigarsa ba ta kamawa, kuma bayan kwana biyu zai fara tsami daga ciki.

3. Cusa gyaɗa

Ki tsince gyaɗar ki fitar da duk wadda ta yi baƙi ko funfuna, domin ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata daɗin dabinon da ta shiga, kuma gyaɗa mai funfuna tana da illa ga hanta. Ki murje ɓawon, ki sheƙe, sannan ki daka a turmi sama-sama tare da garin citta ko kirfa da ɗan gishirin, yadda za ta farfashe ta fara haɗe jikinta amma ba ta kai ga fitar da mai ba. Gishirin nan kada ki raina shi, shi ne ke karya zaƙin dabino da na cakulan don kada su gundiri mai ci. Ki ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali ki cusa a gurbin ƙwallon, ki matse bakin dabinon ya haɗu. Idan kin cika shi har ya ƙi rufuwa, gyaɗar za ta zube a cikin narkakken cakulan ta ɓata santsinsa.

Kafin ki zaɓi gyaɗa, ki tabbatar wanda za ki ba ba ya cikin mutanen da jikinsu ba ya karɓar ta. Idan haka ne, ki cusa gogaggiyar kwakwa da aka ɗan soya sama-sama, ko ki bar shi ba komai a ciki.

4. Narkar da cakulan

Ki yayyanka cakulan ƙanana kamar girman ƙwayar masara, domin manyan gutsattsari ba sa narkewa tare, kafin tsakiyarsu ta narke gefe ya ƙone. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki ɗora a wuta har ya fara ƙananan ƙwai a gindi, sai ki kashe wutar ko ki sauke tukunyar daga kan gawayi. Sannan ki ɗora busasshen kwanon da cakulan a bakin tukunyar ki riƙa juyawa a hankali. Tururin da ke ƙasa ya isa ya narkar da shi, ba a bari ruwan yana tafasa, kuma ba a taɓa ɗora cakulan a kan wuta kai tsaye.

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya. Ɗigon ruwa ɗaya idan ya faɗa cikin narkakken cakulan, sukarin da ke ciki zai jiƙe ya dunƙule, nan take abin da yake zuba kamar zuma ya koma kamar tunkuza. Karo na farko da hakan ta same ni, rufe kwanon na yi da murfi don ya yi saurin narkewa, gumin da ya taru a murfin ya ɗiga a ciki, rabin kilo ya tafi a daren jajibirin Sallah, kuma ban manta ɓacin ran da na kwana da shi ba. Saboda haka kada ki rufe kwanon, kada ki sa jiƙaƙƙen cokali, kuma duk lokacin da kika ɗaga kwanon daga tukunya ki goge gindinsa da tawul kafin ki matsa da shi kusa da tire. Zuma da kalar abinci ta ruwa da madarar ruwa duk suna da wannan illa, don haka ba a zuba su a cikin cakulan da za a yi riga da shi.

Idan ya riga ya dunƙule, ba zai sake yin riga ba, amma kada ki zubar. Ki riƙa zuba madara mai zafi cokali-cokali kina juyawa har ya saki ya yi sumul, sai ki ajiye a firji ki yi amfani da shi a kan kek ko burodi cikin kwana biyu ko uku.

Mai aiki da kamfawun, da zarar ya narke duka ya yi sumul, ta sauke ta wuce zuwa mataki na 6. Idan ya yi kauri da yawa, ƙaramin cokali ɗaya na man girki mara ƙamshi zai sassauta shi, amma kada a wuce haka don zai hana shi ƙarfi.

5. Daidaita zafin cakulan na ainihi

Man koko yana iya daskarewa ta siffa daban-daban, kuma siffa ɗaya ce daga cikinsu ke ba da sheƙi da ƙarar nan ta ƙas idan an karya. Idan aka narkar aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, sai ya fito dusu-dusu da farin zane, yana narkewa a yatsa tun kafin ya kai baki. Hanya mafi sauƙi a gida ita ce a raba yankakken cakulan kashi uku, a narkar da kashi biyu, a ajiye kashi ɗaya.

Ki narkar da kashi biyun har ma'auni ya nuna digiri 45 zuwa 50 idan baƙi ne, ko 40 zuwa 45 idan mai madara ne ko fari. Ki sauke, ki goge gindin kwanon, ki riƙa zuba kashin da kika ajiye kaɗan-kaɗan kina juyawa ba tsayawa. Gutsattsarin da ba su narke ba su ne ke koya wa narkakken irin daskarewar da ake so. Ki ci gaba har zafin ya sauko digiri 31 zuwa 32 ga baƙi, 29 zuwa 30 ga mai madara, 28 zuwa 29 ga fari. Idan akwai sauran gutsuren da ya ƙi narkewa, ki tsame shi. Wannan yakan ɗauki minti 15 ko fiye, kuma mai haƙuri ce ke cin ribarsa.

Ki gwada kafin ki fara tsomawa: ki dangwala bakin wuƙa ki ajiye a wuri mai sanyi, idan ya kama cikin minti 5 ya yi sheƙi ba zane, ya yi. Wadda ba ta da ma'auni za ta iya ɗiga kaɗan a ƙasan leɓenta na ƙasa, inda ya kamata ta ji shi da ɗan sanyi-sanyi, amma wannan sai wadda ta saba. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce idan ɗakin da kike aiki ya kai digiri 30, cakulan ba zai sauko inda ake so ba komai juyawarki, don haka ko ki sami ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko ki jira watan Disamba da Janairu, ko ki koma ga kamfawun.

6. Tsomawa da ado

Ki shimfiɗa takarda a tire ki ajiye a gefen hannunki. Ki jefa dabino ɗaya a cikin kwanon, ki juya shi da cokali mai yatsu har ya rufu, ki ɗago shi a kan yatsun cokalin ba tare da kin soke shi ba, ki ɗan bubbuga a bakin kwanon sau uku ko huɗu don rarar ta koma, sannan ki ture shi kan takarda da tsinken sakace, tsagin yana ƙasa. Wadda ba ta bubbuga ba za ta ga cakulan ya kwanta a gindin kowane dabino kamar faifai, ga asara ga rashin kyau. Ki barbaɗa riɗi ko kwakwa ko dakakkiyar gyaɗa tun rigar ba ta kama ba, wato bayan kowane guda huɗu ko biyar. Ni nakan bambanta adon gwargwadon abin da ke ciki, mai gyaɗa da riɗi, mai kwakwa da kwakwa, don mai ci ya gane ba sai ya tambaya ba.

Idan cakulan ya fara kauri kina cikin aiki, ki mayar da kwanon kan tukunyar ruwan ɗumi na daƙiƙa 5 zuwa 10 kawai, ki juya, ki ci gaba. Idan kin gama, ki sa tiren a firji na minti 10 zuwa 15, ba a firiza ba, sannan ki ɓamɓare su daga takarda da busasshen hannu mai sanyi.

Idan babu cakulan na narkarwa, ko babu firji

Akwai hanyar da ba ta buƙatar narkar da komai, kuma ita nake ba matan ƙauye da duk wadda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu. Ki sami garin koko zalla, wanda ake sa wa kek, mai ɗaci ba sukari. Milo da Bournvita ba za su maye gurbinsa ba, domin akwai sukari da wasu abubuwa da yawa a cikinsu, kuma suna jan danshi su yi danƙo. Ki daka dabino mai taushi da aka cire wa ƙwallo kofi biyu a turmi mai tsabta har ya zama kamar ƙullu mai kauri, ki zuba dakakkiyar gyaɗa kofi ɗaya, garin koko babban cokali huɗu, ɗan gishiri da kirfa, ki ci gaba da daka har su haɗe. Ki mulmula ƙanana kamar girman goro, ki mirgina su a cikin kwakwa ko riɗi ko garin koko. Zaƙin dabinon ya isa, ba sai an ƙara sukari ba, kuma wannan ba ya narkewa ko da rana tsaka.

Za ki ga wasu suna koyar da haɗa garin koko da man kwakwa a matsayin cakulan na gida. Man kwakwa yana narkewa tun a wajen digiri 24, don haka a garinmu da an fito da shi daga firji zai zama ruwa, bai dace da kyautar da za a ɗauka a kai wani wuri ba. Man kaɗe kuwa, duk da cewa kamfanonin Turai suna sa tataccensa kaɗan a wasu cakulan, wanda muke saya a kasuwa yana da warin da zai rinjayi ƙamshin koko.

7. Ajiya

Ki jera su a robar ajiya, ki raba kowane layi da takarda, ki rufe sosai. Cakulan yana jan wari kamar yadda madara ke yi, don haka kada ya kusanci bandar kifi ko daddawa ko albasa a firji. Idan za ki fito da shi, ki bar robar a rufe na kamar rabin awa kafin ki buɗe, domin idan iska mai ɗumi ta taɓa shi yana da sanyi zai yi gumi, gumin ya narkar da sukarin sama, ya bushe ya bar fari-fari. Wannan farin ba ruɓa ba ne, ana iya ci, amma ya rage kwarjinin kyautar. Haka kuma idan wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ya narke ya daskare sau da yawa, zai yi irin wannan farin. Wadda ba ta da tabbacin wuta gara ta sa robar a cikin leda ta ɗaure, ta ajiye a kan jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, ko a cikin kula tare da ƙanƙarar da aka naɗe da tawul yadda ruwa ba zai kai gare ta ba. Ya fi daɗi a cinye cikin mako ɗaya. Ki kuma nisanta shi daga kyanwa da kare, domin sinadarin tiyoburomin da ke cikin koko guba ne a gare su.

8. Shirya akwati da miƙawa

Guda 12 zuwa 16 sun isa kyautar mutum ɗaya, sauran kuma na baƙin Sallah ne. Ki sa kowanne a ƙaramin kofin takarda irin na kek don kada su gogi juna, ki jera a akwatin kwali mai tsabta ko a ƙaramar samira, ki cike gurbin da ya rage da takarda don kada su yi ta yawo. Na san al'adarmu ce mu turara duk abin da za mu ba maigida, amma wannan akwati kada turaren wuta ko humra su kusance shi, domin ƙamshin zai shiga cikin cakulan ya koma ɗaci a baki. Idan kina son ƙamshi, ki turara 'yar takardar da kika rubuta saƙonki, ki maƙala ta a bayan akwatin. Idan maigida yana da ciwon suga, ki yi masa guda kaɗan da baƙin cakulan, ki kuma gaya masa abin da ke ciki.

Saurayin da zai kai wa budurwarsa, ya kai bayan magariba, ya riƙe akwatin a kwance, kada ya sa shi a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar babur kusa da inji. Idan tafiyar ta kai nisan Birnin Kebbi zuwa Yawuri ko Zuru, sai a cikin kula. Matar aure kuwa, lokacin da na ga ya fi dacewa shi ne safiyar ƙaramar Sallah bayan asuba, gari da sauran sanyi, kafin gida ya cika da hayaniyar yara. A gefe ɗaya na akwatin nakan ajiye dabino uku tsurarsu ba riga, domin sunna ce a ci dabino mara, wato ɗaya ko uku ko biyar, kafin a fita idi, masu rigar kuma a mayar da su wuri mai sanyi sai an sauko.